Wayar da Adda Ba Ta Ci

Sanƙira yana tsakiyar kirari, ya ɗauki murya ya kai ta inda ake so, sai lasifika ta yi tari ta mutu. Bakinsa bai daina motsi ba, jijiyoyin wuyansa a miƙe, amma abin da ke fita bai fi kukan ɗan akuya ba a cikin taron da ya cika filin dambe na Jega. 'Yan damben da suka riga suka shiga fage suka tsaya da hannu a sama, kowa na kallon abokin karonsa kamar an tashe su daga barci.

Tamu mai lasifika bai ko dubi injinsa ba. Ya san injinsa. Bayan rumfa ya waiwaya, inda waya ta biyo ƙasa daga janareta zuwa teburinsa, can kuwa ya gan shi: Jibrilla, ɗan goggonsa, adda a hannun dama, guntun waya a hagu, yana kaɗa shi sama kamar wanda ya kashe kububuwa.

"Taubashi," in ji Jibrilla, dariya har tana sarƙe shi, "igiyar akuyarka ta tsinke. In ɗaure maka, ko ka iya?"

Mutanen Maiyama da ke zaune gefen gabas suka kwashe da dariya. Wani mahauci na Jega, wanda ɗan dambensa aka katse wa kirari, ya sunkuci benci ya sauke shi a kan na farkon da ya samu baki buɗe. Daga nan ba a sake sanin wa ke dukan wa ba. Sanduna suka fito daga ƙarƙashin riguna, aka kife tukubar mai tsire, garwashi ya watsu cikin ƙafafun mutane. Tamu ya tsaya gaban teburinsa ya ware ƙafa. Duk wanda ya matso kusa da injin nan ya sha hannu. Ya zubar wa wani haƙoran gaba, ya ɗaga wani ya maka shi da turken rumfa har rumfar ta durƙusa. Wani ya zagayo ta baya ya fasa masa gira da kwalba, jini ya rufe masa ido ɗaya, ya ci gaba da aiki da ɗayan.

Tamu ke nan. A zamanin da Jega ke ƙarƙashin Sakkwato, daga Aliero har Maiyama ba a yi namiji kamarsa ba, wanda ya ce an yi ya kawo shi a gani. Motar albasa ta taɓa kifewa da shi a gangaren gulbi, aka jera mutane bakin hanya an rufe su da tabarmi, shi ya fito daga ƙarƙashin buhuna yana neman takalminsa. Shekarar amai da gudawa ta share rabin unguwarsu, shi ya yi ta haƙa kabari, ko ciwon kai bai yi ba. Ya yi dambe tun gemu bai fito masa ba, gwiwarsa kuwa ba ta taɓa sanin ƙasar fage ba.

Amma a cikin duk waɗanda ya daka ran nan babu Jibrilla. Yana can zaune kan wani kututture, ya ɗora adda a cinya, yana ɓare gyaɗa yana kallo. Ba addar ce ta hana Tamu ba, ba kuma taurin da Jibrilla ke taƙama da shi ba. Taubashi ne. Ɗan mace da ɗan namiji, wasa ne tsakaninsu tun kafin a haife su. Taubashi ya kwance maka akuya ya ɓoye, ka yi dariya. Ya kira ka bawa a gaban surukanka, dariya dai. Ba a kai shi gaban alƙali, ba a ɗaga masa hannu, wanda kuwa ya yi fushi da taubashi shi ake wa kallon marar asali. Ga shi Atika, matar Tamu, ƙanwar Jibrilla ce ciki ɗaya. Kowa kuma ya san Sabi'u na Maiyama, wanda shi ma ya sayi lasifika yana harin filin dambe, shi ke cika wa Jibrilla aljihu da goro da taba. Sabi'u ya iya shege: ya nemo mutum ɗaya tak a duniya wanda Tamu ba zai iya duka ba.

Da aka janye masu rauni, Sarkin Fawa Lawali, wanda shirya dambe ke hannunsa, ya tako ya tsaya gaban teburin. Bai zauna ba.

"Tamu, wanga karo na biyu ke nan."

"Ranka shi daɗe, ai ka ga wanda ya sare."

"Na ga taubashinka shina wasa da kai. Wasanku bai shafe ni ba, ni murya nika so. Babban damben Karaye na tafe in anka gama sussuka, baƙi za su zo daga ko'ina. In murya ta ɗauke a wurin, ko na ƙiftawar ido ne, fili ya koma hannun Sabi'u, bana da baɗi da gaba. Ka jiya?"

"Na jiya."

A gida Atika ta wanke masa girar da ruwan zafi da gishiri. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Maigida. Ka san Yaya, haka shike tun ƙuruciya. Wasa ne."

"Na sani," in ji Tamu. "Ni ma wasan zan shirya mai."

Injin nan fa ba irin na masu tallan magani ba ne. Wani Bature mai aikin hanya ne ya sayar da shi da zai koma ƙasarsu, na ɗakinsa ne na jin kiɗa, ɗan Japan, fuska fara tas kamar azurfa, da allurai biyu a bayan gilashi masu rawa in murya ta shiga. Ƙato biyu ke ɗaukarsa. Gonarsa ta fadama Tamu ya sayar ya saye shi, mutane suka ce ya haukace, sai da suka ji. In aka kara masa kalangu, kana jin fatar tana numfashi. In sanƙira ya yi kirari a Jega, matan ƙetaren gulbi sun san ɗan wa ya shiga fage. Ban da injin nan da filin dambe, Tamu bai mallaki ko kunya ɗaya ta gero a gona ba.

Da safe ya nufi bakin tasha, shagon Ƙasimu mai gyaran rediyo.

"Waya nika so wadda adda ba ta ci."

Ƙasimu ya ajiye dalmar da ke hannunsa. "Baba Tamu, ba a ƙera ta ba tukuna."

"Shi ya sa na zo. Fito da abin da ke gare ka."

Ƙasimu ya fara miƙo wata fara siririya, irin ta fanka. Tamu ya naɗe ta a yatsu biyu ya ja, ta tsinke. "Wagga ta shanya ce, kai ma matarka." Aka kawo wata baƙa mai kauri, sabuwa fil a naɗinta. Ya sa haƙori ya ɓare bakin, sai ga ƙarfen ciki fari. Ya lanƙwasa shi gaba, ya mayar baya, ya karye. "Ƙarfen tukunya. Ƙiba ba ƙarfi, awa Sabi'u."

"Ita kowa ke saye, tana da sauƙi."

"Ni kowa ne?"

Ƙasimu ya durƙusa ya jawo wata daga ƙarƙashin benci, tsohuwa, ta masu walda. Da ya yanka bakinta sai jan ƙarfe ya bayyana, silli-silli kamar gashin doki, ba ya ƙirguwa. Tamu ya ɗaga ta ya ji nauyi. Ya shinshina. Ya ɗora bakin a harshensa, ya rufe ido.

"Ita ce. Ka san murya wuta take sha, awa albasa da ruwa. In mesa ta yi siriri, albasa ta tsumbure. Yanko mini biyu, tsawon daga nan zuwa waccan motar."

Suka koma kan fulogi. Na roba ne cike da kwali, farare da shuɗɗa. Tamu ya ajiye ɗaya ƙasa ya taka da diddige, ya ruguje kamar ƙwai. Ya tona kwalin har ƙasa ya zaƙulo wani baƙi, ɗan Ingila, mai nauyi kamar dutsen guga, ƙafafunsa uku na tagulla. Ya taka shi, diddigensa ne ya ji zafi. Ƙasimu ya kwance shi da sukundireba don ya nuna masa inda waya ke shiga.

"Wanga ɗan abin da ke kwance ciki fa?"

"Fis ne. In anka samu ɓarna, shi ke ƙonewa ya ɗauke wuta, inji ya tsira, mutum ya tsira."

"Wato in anka taɓa waya, shi ne na farkon gudu."

"Aikinsa ke nan."

"Ba ni aiki da matsoraci." Ya ɓamɓare shi da farce ya jefar waje. Ya ɗauki ƙusa daga ƙasa, ya karɓi filaya ya datse ta daidai tsawon gurbin, ya danna ta ciki. Ta zauna daram. "Wagga ƙafa ta uku kuma mi take ci?"

"Ta wayar ƙasa ce. Sai an ƙara waya ta uku, a kafa ƙarfe cikin ƙasa a ɗaura."

"Murya na bi ta cikinta?"

"A'a."

"Wuta fa?"

"Sai ranar ɓarna."

"To mai zaman banza ce. Bar ta."

Ya sa aka kawo masa tsohon tub na tayar babbar mota, wanda zai yanka zare-zare ya naɗe kowane jan ƙarfe daban. Ya zaɓi mesar ban ruwa, koriya mai tauri, wadda zai zura su ciki. Daga ƙarshe ya buɗe buhun da ya shigo da shi ya zazzage a tsakar shago: wayoyin birki ne na keke da na babur, tuli guda, ya bi masu faci ya tattaro. Da su zai yi wa mesar kitso daga kai har wutsiya.

Ƙasimu ya dubi tulin, ya dubi ƙusar da ke cikin fulogi.

"Baba Tamu, ka saurare ni da kyau. In ka yi mata rigar ƙarfe, ba fis, ba wayar ƙasa, ranar da adda ta shiga ta taɓa jan ƙarfen, wuta duka za ta hau rigar. Wanda ya riƙe ba ya iya saki."

"To mi zai kai hannun mutum ga wayar da ba tashi ba?"

"Ni dai ba ni haɗa ta."

"Wa ya ce ka haɗa? Saye na zo yi."

Tamu da kansa ya haɗa abarsa, a ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya. Hannun da ya saba naɗe dunƙule da karan 'yan dambe bai rasa yadda ake naɗe waya ba. Silin birki ya huda masa yatsu har suka zama kamar rariya, yana tsotse jinin yana tofarwa yana ci gaba. Da kitso ya kammala ya kai wa baduku, aka ɗinke ta ruf da jar fatar akuya. Ta fito da kaurin rake, ja jawur, tana sheƙi. Ya jona ta ya tayar da janareta ya ce "Bismillahi" a bakin makirfo, sai kajin unguwa suka watse. Masu boko suna cewa waya ba ta canza murya. To da sun zo sun ji. Muryar ta yi ciki, ta yi ƙirji, kamar an cire mata tsumma daga maƙogwaro.

Ana nan sai ga Jibrilla da azahar, daidai lokacin tuwo, kamar yadda ya saba.

"Salamu alaikum, gidan bayina."

"Shigo, mayunwaci. Atika, ƙaro miya, ga fari sun sauka."

Jibrilla ya wanke hannu ya zauna ya ja akushin gabansa. Yana kai loma idonsa ya faɗa kan wayar, an rataye ta a ƙusa jikin bango. Ya miƙe da tuwo a baki ya shafa ta.

"Ikon Allah. An yi wa amarya lalle. Don ni anka yi wagga kwalliya duka?"

Tamu ya ajiye lomarsa. Ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Jibo, wagga kak ka sare ta. Tana kisa."

Jibrilla ya yi dariya har tuwo ya sarƙe shi, Atika ta miƙo masa ruwa. Ya buga damtsensa inda layu suke jere. "Ni da wuƙa ke lanƙwashewa ga cikina? Na sha tauri tun kana tsotsar yatsa. Waccan da na sare tartsatsi ta yi mini awa ashana."

"Wallahi ba wasa nike ba."

"Haka ka ce ranar da ka rantse mini akwai kura cikin rumbun Kaka, na kwana bisa itace."

Atika ta tuntsire da dariya. Bakin Tamu ma ya ƙi bin umarninsa, ya murmusa. Tun suna tsirara ba su taɓa faɗa wa juna magana tsakani da Allah ba, to da wace murya zai faɗe ta yau a gane? Amma ya faɗa. Duk mai cewa Tamu bai yi gargaɗi ba, ya je ya tambayi Atika.

Ranar Karaye, tun hantsi hanya ta cika. An share fili a gefen fadama, an yi ta kwarara masa ruwa don ƙasa ta kwanta, har tana danshi ƙarƙashin ƙafa. Tamu ya kafa teburinsa kusa da kujerar Sarkin Fawa, ya ɗaure lasifikoki a kan giginya, ya ajiye janareta ɗan baya kaɗan kusa da tarin kara, jar wayar ta miƙe tsakaninsu a fili, bai ko rufe ta da ƙasa ba. A bakin hanya Sabi'u ya tsayar da a-kori-kura, nasa kayan a ɗaure a baya, yana zaune kan kan motar yana kaɗa ƙafa kamar ungulu kan katangar mayanka.

Bayan la'asar aka buɗe fage. Kai, ran nan murya ta yi. Kalangu ya shiga injin ya fito kamar hadari, har Fulanin da ke kiwo bayan fadama suka bar shanu suka matso. Ƙananan 'yan dambe suka yi nasu aka share jini da ƙasa. Sannan aka kira manya, wani ƙato na Danwarai da wani baƙi na Maiyama mai tabo a leɓe. Sanƙira ya riƙe makirfo da hannu biyu ya fara hawa.

Yana cikin hawa sai alluran nan biyu suka girgiza. Suka sake girgiza. A karo na gaba suka faɗi rabi suka tsaya suna kyarma, wani gurnani ya shiga ƙarƙashin muryar, kukan janareta ya yi nauyi. Amma murya ba ta ɗauke ba. Tamu ya murmusa, ya dubi Sarkin Fawa, sannan ya waiwaya a hankali don ya ga fuskar taubashinsa.

Saran adda na farko ya dawo, na biyu ya tsaga fata kawai, na uku ne ya ci kitson ya maƙale. Jibrilla ya tuɓe takalmi tun da zai saɗaɗo, ƙafarsa tsirara cikin danshi, ya kama wayar da hagu daidai inda fata ta yage don ya zare addarsa. A haka Tamu ya gan shi. Bayansa ya lanƙwashe kamar baka, haƙora a datse, idanu sun koma farare, layun damtsensa na tsalle su kaɗai. Ba ya ihu. Wani siririn hayaƙi na tashi daga tsakanin yatsunsa, iska ta kawo wari irin na babbaka. Wani ɗan Maiyama ya ruga ya kama masa kafaɗa, wuta ta yi jifa da shi cikin kara.

"A kashe inji," wata mai fura ta ƙwala. "Ku kashe inji, zai mutu!"

Janareta na nan kusa, makunninsa bai fi ɗan yatsa ba. Tamu ya dube shi. Ya dubi Sarkin Fawa, wanda ya miƙe tsaye. A bakin hanya Sabi'u ma ya miƙe kan motarsa, har ya fara kwance igiya. Sanƙira bai san abin da ake ciki ba, ya ba su baya, kirari na ta zuba daga kan giginya.

Wani saurayi mai rigar shuɗi ya yi kan janareta da gudu, hannu a miƙe. Tamu ya tare shi da dunƙule a gindin kunne, ya zube kamar buhu. Sannan ya cafki turken rumfa, busasshen icen ƙirya, ya fizge shi daga ƙasa, ya yi kan Jibrilla.

Ya sauke masa a hannu. Hannun bai saki ba. Ya ja baya ya tattaro duk ƙarfin da Allah ya ba shi ya sake saukewa, ƙashi ya ce ƙas, waɗanda ke gefen fage ma sun ji. Har yanzu yatsun na riƙe. Sai ya juya turken ya doka masa gindinsa a ƙirji, kamar mai fasa ƙofa. Jibrilla ya ɓalle ya faɗi can, ya bar fatar tafinsa manne jikin waya.

Mutanen Maiyama ba su ga wuta ba, wuta ba a ganinta. Abin da suka gani shi ne Tamu na Jega yana dukan taubashinsa da turke a bainar jama'a. Suka taso gaba ɗaya. Mahautan Jega suka zare wuƙaƙe. 'Yan damben da ke fage suka bar juna, kowa ya faɗa cikin taro da naɗaɗɗen hannunsa. Aka ture sanƙira, makirfo ya faɗi ƙasa cikin ƙafafu, injin kuwa ya ci gaba da aikinsa da gaskiya: ƙarar sanda a kan ƙwarya, kukan mata, salatin wani da aka soka, duk ya kwashe ya watsa wa fadama tas, ba abin da ya rage.

Tamu ya koma teburinsa da baya yana juya turke. Ya karya wa wani ƙafa, ya fasa wa wani hanci. Turken ya tsage, ya koma hannu. Adda ta wuce ta gefen kansa ta tafi da rabin kunnensa, bai ji ba sai da ɗumi ya gangaro masa cikin riga. Da suka yi masa yawa, sai ya kifa cikinsa kan injin ya rungume shi, ya ba su baya. Suka yi ta dukansa kamar masu sussuka. Yana jin haƙarƙarinsa na karyewa ɗaya bayan ɗaya, yana kuma jin allurai na rawa a ƙarƙashin ƙirjinsa. Da wani aka yi wa rabin haka da tuni an yi masa sutura. Tamu ne.

Sai da dattawan Karaye suka shiga tsakani da limamin gari, ana jan mutane da riga, sannan fili ya yi sauƙi. Ba kowa sai masu nishi da takalma warwatse. Lasifika na ta fitar da gurnaninta, da tarin wani da ya faɗi kusa da makirfo. Sarkin Fawa Lawali ya zo, rawaninsa a hannu, ya sunkuya kan Tamu.

"Kana da rai?"

"Ranka shi daɗe," in ji Tamu, jini na fita da maganar, "ta ɗauke?"

Sarkin Fawa ya miƙe tsaye.

"Ba ta ɗauke ba. Fili naka ne. Yanzu don Allah a kashe ta."

Mota ɗaya ta kai su Aliero wurin masu ɗori, Tamu da Jibrilla, kwance kan buhunan albasa, kafaɗa na gugar kafaɗa in an faɗa rami. Jibrilla na numfashi, idonsa a buɗe yana kallon sama. Mai ɗori ya ja hannun ya daidaita ƙashi ya ɗaure da kara, ya tofa abin da zai tofa, ya ce ƙashi zai haɗe. Ƙashi kuwa ya haɗe. Tafin ne ya ce ba nasa aikin ba ne. Yatsun suka warke a dunƙule, baƙaƙe, ba su sake buɗewa ba.

Atika ta zauna jinyar yayanta har ya tashi, sannan ta dawo ɗakinta. Tana girki, tana shara, in an tambaye ta ta amsa. A gari magana ta rabu. Wasu suka ce ba don turken Tamu ba da Jibrilla ya ƙone ƙurmus, kuma gaskiyarsu. Wasu suka riƙa kawo zancen makunnin janareta, irin mutanen da ba su taɓa mallakar abin da za a ƙwace musu ba. Sabi'u ya sayar da kayansa ya koma sayen fata. Daga Kashin Zama har Karaye, duk inda aka buga kalangu, injin Tamu ne, kuma ba wanda ya sake matsawa kusa da wayarsa, ko kare zagaye ta yake.

Da haƙarƙari ya bar shi ya yi tafiya ba sanda, sai ya shirya ya nufi gidan goggonsa. Tun daga gida yake gyara zolayar da zai yi, ya juya ta ya sake juyawa har ta yi kaifi. Ya tarar da Jibrilla zaune kan tabarma a zaure, ya rame, hannun hagu cikin aljihun riga. Tamu ya saɗaɗa ta gefe ya fizge masa hula.

"Bawa, an ce mini ka shiga dambe, kullum hannu a dunƙule. Yaushe za mu kara?"

Jibrilla ya ɗago kai. Ya dafa bango da dama ya miƙe tsaye, ya ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, Malam Tamu. An zo lafiya?"

Tamu ya yi dariya, ya kaɗa hular sama yana jira.

"Ya iyali? Ya jiki, da sauƙi dai? Madalla. Ya aiki?" Ya ja tabarmar da ƙafa ya gyara mata zama. "Bismillah. Bari a kawo maka ruwa."

"Jibo, hularka fa na ɗauka."

"Ba komi, Malam. In ta yi maka, ka riƙe."

Tamu ya tsaya da hula a hannu. Namijin da bai taɓa rasa abin yi da hannunsa ba. Can sai ya matsa ya ɗora masa ita a ka, ta zauna a karkace.

"Na gode," in ji Jibrilla. "Allah shi saka da alheri."

Bai jira ruwan ba. A hanyar komawa ya ci karo da wani mai keke, baƙo, ya tsaya yana gyaran sarƙa. Tamu ya tsuguna kusa da shi, ya nuna masa guntun kunnensa, ya tambaye shi ko ya san bambancin jan ƙarfe da ƙarfen tukunya. Mutumin ya ce bai sani ba. Tamu ya gyara zama ya soma masa tun daga farko.